Azurfa a Gindin Randa

Kakata ba ta yarda da banki ba. Riyalanta uku na azurfa a gindin randa suke zaune, can cikin ruwa. Ranar da Baba ya fitar da randar bakin titi don masu wucewa, a Umdurman ta Sudan, ta damƙo ni.

"Maigidana, je ka tsamo su. In ka ambaci azurfa, sai na yanke maka harshe."

Na zura hannu har kafaɗa na damƙe su, sai wani dattijo ya cafke kunnena.

"Ya walad! Kai yaro! A ruwan sadaka? Buɗe hannun!"

Mutane suka taru. Yana murɗa kunnen, ina ƙara dunƙule hannun, har ya gaji.

Yau jikokina ke koya mini ajiyar azurfa. Nakan nuna musu kunnen nan, wanda har yanzu ya fi ɗan'uwansa tsawo.