Wa Ya Zana Tsohuwar?

Sakamakon gwajin fenti ya iso ranar Talata, ko Laraba ce, ya tarar da Farfesa yana goge tabarau. Layi biyu ne kacal. Zanen tsohuwar nan da ke rataye a gidan tarihi bai wuce shekara arba'in da biyar ba.

Shi kuwa a littafinsa ɗari da ashirin ya ba shi. Ya ce aikin wani gwani ne na zamanin kakanni, kuma duk gidan tarihin babu kamarsa. Shekara talatin da suka wuce wani ɗalibinsa ya ce ƙusoshin jikin katakon zanen na inji ne. Farfesa ya tsinka shi a bainar jama'a, ya kayar da shi a jarrabawa. An ce tayoyi yake sayarwa yanzu.

Shugabar gidan tarihi ta ba shi mako biyu. Ko ya gano mai zanen, ko a sauke hoton a kai sito, littafinsa ya bi shi.

"Har yanzu tsohuwar nan ce ta hana ka cin abinci, Baban yara?" in ji matarsa, tana miƙo masa shayi da hannun hagu, wanda ya gaji da yi mata faɗa a kansa. "Ni ko ganinta ban taɓa yi ba."

"Ba fanninki ba ne," ya ce, kamar yadda ya saba faɗa tun suna amarci.

Kullum sai ya ja kujera gaban tsohuwar, mai tabo a haɓa, tana dubansa kamar ta san laifinsa. Karkatar burushi ta nuna masa mai zanen bahago ne. Ya bi rajistar gidan, ya ga daga hannun wani mai gwanjo aka saya, shi kuma ya daɗe da rasuwa. Ya rubuta wa ɗalibin wasiƙar ban haƙuri sau uku, sau uku yana yagewa.

Saura kwana ɗaya ya sa aka cire katakon baya, abin da girman kai ya hana shi yi tuntuni. Ashe ba a kan yadin masu zane aka yi aikin ba. Wani ƙyalle ne mai ratsin kore, da kalmasa irin ta ɗinkin hannu.

Ya ɗauki hotunan gaba da baya ya kai gida, ya baje a tebur, ya zabga tagumi. Matarsa ta zo kwashe kofuna, sai ta tsaya cak. Ta daɗe tana shafa haɓar tsohuwar da ɗan yatsa.

"Allah sarki, kakata," ta ce a hankali. "Wannan kuma labulen ɗakinmu na farko ne. Ranar da ka ce in daina ɓarnar fenti, ko kallon zanen ba ka yi ba, na ba mai gwanjo."