Ɗigo Bakwai

Hafiza ta kasa zama. Tun dawowarta daga kasuwar Mayahi take kai da kawowa cikin butik ɗinta na Tasawa, ta damƙe zoben azurfar da ta sayo wurin wani ɗan koli. Zanenta ne sak, alhali ko tallarsa ba ta fara yi a intanet ba.

Saurayinta Lamine ya yi sallama yana murmushi.

"Jibi kawuna zai je wurin Baba neman aurenki."

Ta miƙa masa zoben. "Ƙirga ɗigon da ke bisa."

"Bakwai," ya ce.

"Nawa na asali shida ne. Mutum uku na tura wa foto, kowa da adadin da na sauya masa da gangan. Mai bakwai kai kaɗai ka samu."

Ya sunkuyar da kai. "Wani maƙeri na nuna wa, Hafiza. So na yi ya ƙera miki..."

"Ka ce wa Kawu ya dakata." Ta karɓe zoben daga hannunsa. "Tun daga Mayahi nake sake ƙirgawa, Lamine, ina roƙon Allah ya zama takwas."