Gaisuwar Ayu a Mashigar Yawuri

Tun da aka saka na'urar sauraron ruwa a mashigar Yawuri, doka ta hana kowane kwalekwale tashi sai an tambayi ayu lafiyar kogi. Ranar Laraba da sassafe Gwamma ta iso da ƙwaryar fura a ka, za ta haye sunan jikarta ta fari.

"Malam Nomau, don Allah yi sauri, kada a raɗa suna ba na nan."

Nomau, ma'aikacin na'urar, ya murɗa maɓalli. Aka ji 'yar ƙara kamar ta tsuntsu daga ƙarƙashin ruwa, sannan lasifika ta juya ta da Hausa: "Iska na zuwa. Ku dakata kaɗan."

"Wannan tsohuwar ayun ta fi uwar mijina iko!" in ji Gwamma. Masunta suka kwashe da dariya. Tana cikin mita sai ga iskar ta taso, ta hautsina kogin, ta wuce. Gwamma ta watsa wa ruwan damin ciyawa don godiya.

"Yanzu ku tafi," in ji ayun. "Gwamma, ki gai da Ramlatu."

"Wace Ramlatu? Ba mu da ita a dangi."

Suka haye lafiya. Tana shiga gidan, maroƙi ya ɗaga murya: "Sunan yarinya Ramlatu!" Mata suka rangaɗa guɗa, Gwamma ta taya su. Sannan ta jawo 'yarta gefe ta raɗa mata: "Daga yau, ke da mijinki ku daina shawara a bakin kogi."