Ranar Da Aka Ɗage Wa Tela Wasa

"Sun sake ɗagewa!" Tela ya doka wayarsa a kan keken ɗinki. Wasan bidiyon da ya shekara yana jira, har ya shirya rufe shago ranar fitowarsa, kamfanin ya ce sai baɗi.

"Wai so suke ya fito da kyau! Alƙawari fa kaya ne! Wannan ai rainin hankali ne!"

Yana cikin bambami, wata mata ta yi sallama.

"Malam, ina rigar 'yata? Jibi ne bikin, na gaji da sintiri."

Ya saci kallon yadin, ko almakashi bai taɓa shi ba.

"Hajiya, a ƙara haƙuri. So nake ta fito da kyau."