Goron Farfesa Barmo

Tunda hasashen Farfesa Barmo, masanin hukuncin Kotun Ƙoli, ya daina kuskure, alƙalai suka koma jiran rediyo. Da ya kama bakinsa, sai 'yan jarida suka shiga fassara goronsa: fari saki, ja kisa.

Ran Talata ya tsaya wurin mai goro, na'urorin ɗaukar hoto na shawagi a kansa kamar ƙudaje. Ja kaɗai ya rage a faifai.

Wata mata ta durƙusa. "Baba, yau za a yanke wa mijina hukunci."

"'Yata, ni goro kawai nake marmari."

Ya janye hannu, ya koma gida.

Da azahar rediyo ta ce Farfesa bai ci goro ba, kotu ta ɗage shari'ar sai baɗi.