Zuciyar Rago a Ajin Jibo

Jibo ya tsaga zuciyar ragon da reza, ya ɗaga ta sama don na baya su gani, daidai lokacin da Ilyasu ya sulale cikin ajin.

Daga Yamai aka turo Ilyasu zuwa Maraɗi, ya kalli yadda ake koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare, kafin a ba shi nasa ajin. An karanta masa ƙa'ida: mai kallo ba ya katse darasi, ba ya gabatar da kansa, a baya yake zama. Ofishin darakta a kulle ya same shi, sauran azuzuwan kuma awaki ne ke ciki. Ɗaki guda ke da motsi, can ya nufa.

Zamanin bayan babban taron ƙasa ne, kowa ya samu 'yancin fitowa ban da albashi. Malamai su shiga yaji, in sun gaji ɗalibai su karɓe su. A soke shekarar karatu, a maimaita, a sake sokewa.

Mutumin da ke gaban allo ya burge Ilyasu. Dogo ne mai gemu, da silifa, ƙafar wandonsa da taɓon gonakin Jiratawa. Yana zura siririn kara cikin jijiya, yana nuna inda jini ke shiga da inda yake fita, aji ya yi tsit. Aibu ɗaya Ilyasu ya gani: yara na kiran sunansa gatsal, Jibo, babu Muse babu Malam. Ya ɗauka dimokuraɗiyya ce ta iso har nan.

Sai dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Usur ya biyo baya.

'Yan yajin wasu makarantu ne, da sanduna da bel da ƙafafun benci. Dokarsu ba ɓoyayya ba ce: ɗalibi a kore shi waje da tsawa, malamin da ya karya yaji kuwa ya sha dukan da zai ba jikokinsa labari. Gilashin taga ya tarwatse. Ajin ya cure a lungu guda, har da Jibo.

Jagoransu, wani mai jan ƙyalle a goshi, ya ƙare wa taron kallo. Idonsa ya tsaya a kan gogaggiyar rigar Ilyasu da takalminsa sau-ciki. Kafin Ilyasu ya haɗiye yawu an shaƙe masa wuya, an buga ƙeyarsa da bango. Bel ya tsaga masa kunne. Ya ga ƙafar benci ta yi sama, da ƙusarta.

Ilyasu mutum ne mai son gaskiya, musamman in za ta cece shi.

"Ni baƙo ne, kallo na zo," in ji shi. "Ku dubi hannun wancan."

Suka duba: alli da jinin rago.

Jibo ya buɗe baki zai yi magana, katakon ya riga shi. 'Yan ajin suka yi ta ihun wani abu, usur ya danne. Aka ja shi gaban allo, aka tattaka, aka karya hannun da ya riƙe allin a gefen tebur. Ba su daina ba sai da wani ya ce ga jandarmomi. Ƙarya ce, amma ta yi amfani.

Da ƙura ta lafa, wata ɗaliba mai suna Saudatu ta durƙusa tana danne kan Jibo da ɗankwalinta. Yana numfashi, da ƙyar. Ilyasu ya matso, kunnensa na zubar da jini, ya ce a kama a kai malaminsu likita, shi zai nemo mota.

Saudatu ta ɗago ta dube shi.

"Wane malami? Tun da albashi ya tsaya ba mu ga ƙeyar malami ba. Jibo ɗan ajinmu ne, a kan benci gemun nan ya fito masa. Yau dai, Muse, kai kaɗai ne malamin da ya shigo ɗakin nan."