Sa'ar Elrico a Watan Disamba

Cikin shekara bakwai da Elrico Mouton ya yi yana raba abinci a jirgin ruwa, mahaifarsa Rehoboth ba ta zauna jiransa ba. An zuba kwalta a layinsu. Gidan burodin kan kwana ya koma shagon waya. Karensu ya mutu an kawo wani, sabon kuwa da yaga wando ya yi masa maraba. Yarinyar da ta ce za ta jira shi har ta yaye 'yan biyu. Babansa kuma shekara huɗu ke nan da rasuwa, ranar da aka binne shi jirgin yana tsakiyar teku.

Kunkuru ce kaɗai ba ta motsa ba, tsohuwar motar nan mai ɗaki da gado da murhu. Tana nan a bayan gida, kaji suna ƙwai a kujerar direba.

A aljihun ƙofarta ya tsinci littafin babansa. Tafiya ce tsohon ya tsara, wadda kullum yake cewa za a yi "in yaron nan ya dawo", kowane zango da ranarsa. Sha huɗu ga Disamba, Spitzkoppe, a hau dutse kafin rana ta yi zafi. Uis, a ga zanen mutanen da. Cape Cross, karnukan ruwa, kowa ya toshe hancinsa. Kwana biyar a Henties ana kamun kifi, kada a ba uwargida Magrieta sandar fatsa, surutunta korar kifi yake yi.

Hutunsa sati uku ne. Bai ɗauki gawar ubansa ba, to ya ƙudurta sai ya ɗauki uwarsa ya kai ta kowane shafi na littafin nan kafin ya koma.

Maƙwabcinsu, Kawu Gert, ya leƙo ta kan shinge ya same shi yana korar kaji.

"A Disamba? Yaro, gishirin teku ya shiga kanka. Filin zango na Disamba tun Janairu ake kama shi. Mutum ya mutu ma, 'ya'yansa a kan lambar filin suke fara faɗa kafin gida."

"Kawu, ka dai tanadi garwashi. Kifi zan kawo maka."

"Na gwangwani ko?"

Elrico ya ɗauki waya. Aikin jirgi ya koya masa magana a tsaye, ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zance.

"Mouton ne daga Rehoboth, mutum biyu, mota mai ɗaki, sha huɗu ga wata."

"Akwai, lamba tara, gindin bishiya. Ai dama..."

"Na gode."

Kira huɗu, fili huɗu, kowanne a daidai ranar da ke littafin. Ya shiga ɗakin girki yana rawa. Mahaifiyarsa Magrieta tana murza ƙullun burodi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai dai mai sa'a ne tun kana ciki," in ji ta. "Wanke hannunka, warin kaji kake yi."

Kunkuru ta yi tari sau uku ta tashi. Ya liƙa jadawali a jikin ƙofa, ya ja layi ja a ƙarƙashin abin gani, shuɗi a ƙarƙashin abin yi. A Spitzkoppe Magrieta ta hau rabin dutse ta ce sauran rabin na matasa ne. A Uis ta daɗe gaban zanen, ta ce ko mutanen da sun fi na yanzu iya tsayuwa. A Cape Cross ta toshe hanci kamar yadda aka rubuta, duk da haka ta yi amai, tana yi tana dariya.

A Henties motoci sun cika zango maƙil, ana ta juya wasu a bakin ƙofa. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ji Magrieta ta yi gaisuwa, sai ta zagayo ta rungume ta.

"Ashe haka kike! To, shi ne wannan?"

"Shi ne. Dogo ba nama."

Elrico ya ce a ransa mutanen bakin teku akwai son mutane, ya karɓi makullin banɗaki ya wuce. Filinsu na farkon layi ne, yana kallon ruwa. Wani mai tumbi a filin baya ya tambaye shi wa ya sani a sama.

Rana ta huɗu ya saɓa wa littafin, ya miƙa wa Magrieta sanda. Suna tsaye ruwa yana lasar ƙafafunsu, ya fara: "Mama, da na zo a lokacin..."

"Riƙe min hulata, wani abu ya ci."

Kifi ne mai tsawon hannu. Da suka dawo gida, Kawu Gert ya cinye rabinsa a tsaye, yana cewa sa'a irin wannan ba ta zuwa sau biyu.

Ranar komawa aiki, a farkon Janairu, Elrico ya tashi ƙafafunsa suna ƙaiƙayi. Ya ɗaure jaka, motar Windhoek ƙarfe goma ce, fasfo kuwa ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Magrieta ta tafi coci gwajin waƙa, dama ita ba ta yin rakiya. Ya birkita ɗakinta har ya kai ga wani gwangwanin biskit a saman durowa. Fasfon yana ciki, a kan tarin takardu da aka ɗaure da zare.

Takardun kama fili ne na zango huɗun nan, da sunansa, da sa hannun Magrieta, kowace Janairu tun shekarar da ya tafi. Na shekara ukun farko mutum uku, sauran mutum biyu, ta sama kuwa ta Disamba mai zuwa ce, kwanan watan da ke jikinta na jiya ne.